Munshi Tufail da Gaisuwar Marigayi Haji

Munshi Tufail Ansari bai taɓa yarda cewa abin da aka rubuta sau ɗaya ya isa ba. Duk dangi sun san shi da wannan. A cikin akwatin ƙarfen da matarsa Shagufta ke adana takardun gida, har yau akwai wasiƙar da ya rubuta ta neman aurenta. Kwafi uku ya yi da hannunsa, ɗaya ga mahaifinta, ɗaya ga yayan mahaifin, ta ukun kuma ya ajiye saboda ko ta-kwana.

Gado ya yi. Mahaifinsa ya shekara talatin a gindin bishiya a ƙofar kotun birnin Multan, da teburi da tafireta, yana buga wa jama'a takardun ƙara da na roƙo. Tufail ya gaji teburin yana da shekara ashirin da biyu, ya gaji sunan Munshi, wato magatakarda, ya kuma gaji aƙidar cewa takarda ba ta cika takarda sai ta buɗe da layi bakwai na girmamawa. Da mai neman a yashe kwatar unguwa da mai rigimar gadon gona, duk sai sun sha layi bakwai ɗin nan kafin a zo kan maganarsu. Ko kallon tafiretar ba ya yi. Yana hira da mai shayi, yatsun suna ta aikinsu.

Ana haka sai wani mutum ya buɗe shago a tsallaken titi, ya ajiye injin kwafin takardu, ya fara sayar da fom da aka riga aka buga. Gaisuwa na sama, addu'a na ƙasa, fili a tsakiya, kowa ya cike da bironsa. Kafin shekara biyu layin da ke gaban teburin Tufail ya tsallaka titi gaba ɗaya. Ran da ya ɗaure tafiretar a bayan keke ya kawo ta gida, bai ci abinci ba. Shagufta ta lulluɓe ta da tsohon mayafi ta ɗora a kan kabad, tana can har yanzu. Tun daga ranar, in aka ambaci fom a gabansa sai ya tuna yana da uzuri a waje.

Yana da shekara arba'in da ɗaya ya shiga makarantar koyon kwamfuta, ya zauna a benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Abin bai shige shi da sauri ba, sai ran da malamin ya nuna musu yadda ake kwafe rubutu a liƙa shi a wani wuri da danna maɓalli biyu kacal. Ranar nan da kwalin alewar halwa ya dawo gida.

"Shagufta, yau na ga abin da da mahaifina ya gan shi, da ya ƙara shekara goma a duniya."

"Ba kai ne ke zagin injin kwafi ba?"

"Wannan daban ne. Wancan yana kwafa ba da ni ba. Wannan ni ke dannawa."

"To Allah ya sa alheri. Wanke hannu, gurasar roti na hucewa."

Bayan ya ɗan yi yawo nan da can, ya sami wuri a ofishin Rana Ashfak, a saman wani shagon taya a unguwar Gulgasht. Mutum shida ne a ɗakin, aikinsu rubuta manhajar da ke amsa saƙonnin masu saye a waya a madadin mai shago, wadda suke kira bot. Shi Rana, mai ofishin, da can kayan gyaran babur yake sayarwa. Bai iya karanta ko layi ɗaya na abin da suke rubutawa ba, amma ya iya ƙirga layukan. Duk ranar Alhamis yakan rubuta a farin allo yawan layin da kowa ya yi a makon, wanda ya fi kowa kuma shi zai zauna kusa da na'urar sanyaya iska guda ɗaya da ofishin ke da ita. Wanda ya san Multan a watan Yuni ya san wannan kujerar ba abin wasa ba ce. Shekara huɗu Munshi Tufail ya yi a kanta, har matashin kujerar ya ɗauki siffarsa.

Babban aikinsu shi ne bot na shagon Haji Karam Din mai sayar da halwar da ake kira sohan, kuma Tufail ne ya gina shi tun daga tushe. Duk abin da mai saye zai iya nema yana da ɗan sashensa na rubutu, abin da masu sana'ar ke kira fankshan. Na tambayar farashi daban, na kai kaya gida daban, na halwar biki, na mai gyaɗa, na ƙorafin gwangwani ya lotse a hanya. Kowane fankshan na Tufail layi talatin ne. Ya fara da gaisuwa daga Haji, ya duba ko an san mai saƙon, ya yi ainihin aikin a layi uku, ya rufe da godiya da addu'a. Ashirin da bakwai ɗin kwafe su yake yi daga na baya. Sai dai fa da yake shi munshi ne ɗan munshi, ba ya barin su yadda suke. Nan ya ce "Haji Sahib mai girma," can ya ce "bawan Allah Haji Karam Din," wani wurin ya ƙara "da kansa." Ba ya so a ce ya yi aikin inji.

Zobiya 'yar ƙanwarsa ce, Mamu take ce masa, wato kawu, shi da kansa ya roƙi Rana ya ɗauke ta bayan ta gama karatu. Mako guda ta yi tana karanta aikinsa. Ranar Litinin suna cin abincin rana, ya buɗe kwanon miyar waken dal da Shagufta ta zubo musu su biyu, sai ta gyara zama.

"Mamu, in yi tambaya?"

"Tambayi, 'yata. Ai don ki koya na kawo ki."

"Gaisuwar nan ta Haji, sau nawa ka rubuta ta?"

"Ɗari da arba'in da biyu," ya ce, ya ɗaga murya kaɗan don na teburin baya su ji.

"Me zai hana a rubuta ta sau ɗaya? A yi babban fankshan guda, aikinsa kawai ya karɓi ƙarami. Ka miƙa masa na farashi, layinsa uku, shi kuma ya sa masa gaisuwa a gaba, ya sa addu'a a baya, ya dawo maka da shi a shirye. Ka miƙa masa na biki, ya yi masa haka. Ran da za a canza gaisuwa, wuri ɗaya za a taɓa."

Tufail ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Gaisuwa a sama."

"E, Mamu."

"Addu'a a ƙasa. Fili a tsakiya."

"Yauwa, ka ma gane."

"Fom ke nan."

"Ba fom ba ne, Mamu, duk duniya haka ake..."

"Zobiya, na san fom in na gan shi. Ya taɓa raba ni da teburi. Ci abincinki."

Yarinya ce mai naci, halin uwarta ta ɗauko. Ta kai maganar gaban Rana, ta ce layi dubu huɗu da ɗoriya za su iya komawa ƙasa da ɗari biyar. Rana ya zare tabarau ya dube ta kamar ta ce a ƙona ofishin.

"Yarinya, gobe in Haji ya ce in nuna masa aikin da muka yi masa, me zan nuna? Ɗan guntun abu kamar takardar asibiti? Shi da yake sayar da kaya da nauyi?"

Washegari aka mayar da teburinta bakin matattakala, inda warin taya ke hawowa. Tufail bai ji daɗi ba. Ya dai ƙara mata mangwaro ɗaya a nasa rabon.

A farkon watan Mayu Haji Karam Din ya rasu, bayan sallar Azahar, yana zaune a kujerarsa ta shago. Da aka yi kwana uku, babban ɗansa Nawid ya aiko cewa a gyara bot, daga yanzu ya riƙa cewa iyalan marigayi ne ke gaisuwa. Zobiya ta taso daga bakin matattakala ta tsaya a kan kawunta.

"Mamu, wannan ce damar. Rabin yini ya ishe mu."

"Mutum ya rasu, ki ce rabin yini? Shekara huɗu ina rubuta sunansa. Zan bi shi ɗaya bayan ɗaya, shi ne girmamawa."

Sa kwamfuta ta nemo jimlar ta canza duka ma ba zai yiwu ba, tunda babu gaisuwa biyu da suka zo iri ɗaya. Ya ɗauko littafinsa mai jan bango inda ya jera sunayen fankshan ɗari da arba'in da biyu, ya shiga aiki. Kwana shida yana gyarawa yana sa alama da jan biro. Ranar Alhamis sunansa ya fito a saman allo da tazarar da ba a taɓa gani ba, har Rana ya aika a kawo lassi, damammen nono mai sanyi, ga kowa, ya ce matasa su yi koyi.

Abin da littafin bai ƙunsa ba shi ne na ɗari da arba'in da uku. Littafin na amsoshi ne, wato inda mai saye ya fara magana. Amma akwai guda da Tufail ya rubuta shekara uku baya a wani fayil daban, wanda bot ne ke fara magana. In mutum ya yi kwana arba'in bai sayi komai ba, sai a aika masa saƙon tunatarwa. Wasu sun ci gaba da samun saƙon bayan rasuwar, amma wa ke karanta talla? Ita kuwa Bibi Sughran, matar Haji, ta saba aikawa ta waya a kawo mata halwa gida in ta yi baƙi, don ba ta son aiken baki. Na ƙarshe da ta aika, da safiyar ranar da mijinta ya rasu ne.

Ranar sadakar arba'in tsakar gidan Haji ya cika da mata, an shimfiɗa fararen zannuwa, ana karatu ana jan tasbihi da ƙwallayen dabino. Shagufta na cikinsu, don tun suna 'yan mata unguwarsu ɗaya da ƙanwar Bibi Sughran. Wayar tsohuwar ta yi ƙara. Ta laluba tabaranta ba ta samu ba, sai ta miƙa wa wadda ke kusa da ita.

"Shagufta, karanta min. Ƙila 'yan Lahore ne suka taso."

Shagufta ta gyara murya ta karanta yadda kowa zai ji.

"Haji Karam Din yana gaishe ku da kansa, gaisuwa ta ƙauna da girmamawa. Yana cewa yau kwana arba'in cif bai ji daga gare ku ba. Yana kewarku ƙwarai, kuma yana jiran zuwanku da murna."

Wata tsohuwa ta saki carbinta. Wata ta fara salati a hankali tana jan jiki baya daga wayar. Bibi Sughran ta karɓi abarta ta tura ƙarƙashin gwiwa, ta ce a ci gaba da karatu.

Kafin La'asar labari ya kai ɓangaren maza, kafin Magariba ya kai kasuwa. Nawid ya kira Rana, kuma ko ba a buɗe murya ba duk ofishin sun ji. Ya ce an mayar da ubansa abin dariya a ranar sadakarsa, gobe da yamma su zo gida su yi bayani, daga nan zai kai aikinsa Lahore. Rana ya ajiye waya ya juyo.

"Munshi Sahib, in aikin Haji ya tafi, kujerar nan taka ba daga kusa da sanyi kaɗai za ta tashi ba. Matattakala za ta sauka, kai kana kanta."

A gida Shagufta ta zuba masa abinci ta zauna tana kallonsa.

"Tun a layin farko na gane hannunka. Wa ke cewa gaisuwa ta ƙauna da girmamawa in ba kai ba? Haka ka rubuta wa babana."

"Me ya sa ba ki tsaya ba?"

"Mata sittin suna kallon bakina, in tsaya in ce me?"

Ya ɗaga kai ya dubi abin da ke lulluɓe a kan kabad. Shekararsa hamsin da uku. Babu wata makaranta kuma da zai sake shiga ya zauna a benci ɗaya da yara.

Da safe ya riga kowa zuwa. Da Zobiya ta hawo, ta same shi zaune a kujerarta a bakin matattakala, littafinsa mai jan bango a rufe a kan cinya.

"Nuna min fom ɗin naki."

Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake ta gaya wa uwarta daga baya cewa sai da ta ciji harshe. Ta jawo kujera. Ta rubuta babban fankshan ɗin a gabansa, layi goma sha ɗaya, ta nuna masa inda ƙaramin ke shiga. Ya ce ta matsa, shi zai yi sauran da hannunsa. Ya ɗauki na farashi, ya goge layi ashirin da bakwai, ya miƙa ukun da suka rage. Aka gwada, gaisuwa ta fito daidai, addu'a ta fito daidai. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe bai san na tafi ba," ya ce.

"Wa, Mamu?"

"Bot ɗin."

Ya ci gaba. Suka bi duk inda saƙo ke fita, har da fayil ɗin da ya jawo abin. Kafin Azahar aikin shekara huɗu ya koma layi ɗari huɗu da tamanin. Bai tashi shan shayi ba, kuma bai yarda ta goge masa ko guda ba.

Bayan La'asar su uku suka isa gidan Haji. Nawid ya bar su a tsaye a ɗakin baƙi ya yi ta faɗa, Rana na ta cewa gaskiya ne, Sahib, gaskiya ne, yana ɗan matsawa nesa da Tufail. Da ya tsagaita, Tufail ya ce laifin nasa ne shi kaɗai, kuma an gyara ta yadda ba zai sake faruwa ba, don yanzu gaisuwar wuri ɗaya take zaune. Faɗin haka ya fi masa goge layukan ciwo.

Sai labulen ƙofar ciki ya motsa. Bibi Sughran ta fito da farin mayafi, tabaranta a hanci, ta zauna.

"Wane ne ya rubuta?"

"Ni ne, Bibi."

"Kun goge?"

"Mun goge. A gafarce mu."

"A mayar."

"Ammi," in ji Nawid ga uwarsa, "inji ne fa ya aiko."

"Na san inji ne, ban haukace ba. Da ubanka ne ya aiko ai da na ce ƙarya ne. Shekara arba'in da huɗu ina gidan mutumin nan, Allah ya jiƙansa, magana mafi daɗi da ya taɓa faɗa min ita ce gishiri ya yi daidai. Sau biyu ya faɗa." Ta juya ga Tufail. "Ni kaɗai za a riƙa aiko wa, duk kwana arba'in. Kuma kada a maimaita min iri ɗaya kamar takardar wutar lantarki. Kai za ka riƙa rubutawa."

"Ammi, na riga na yi magana da mutanen Lahore."

"Sai ka sake magana da su. Shagon da sunan wa yake yanzu?"

Nawid ya dubi silin. Rana, wanda ya kusa kai bakin ƙofa, ya dawo ya dafa kafaɗar Tufail, ya ce dama shi kullum yana faɗa, irin alƙalamin Munshi Sahib babu shi ko a Karachi.

A hanyar komawa Zobiya ta buɗe baki za ta ce ai wannan ma babban fankshan ɗin zai iya, a ba shi gaisuwa daban don lamba guda, layi ɗaya ne. Ta dubi fuskar kawunta a cikin rikisha, adaidaita sahun can, ta rufe bakin. Washegari ya buɗe sabon fayil ya rubuta na Bibi Sughran shi kaɗai, layi talatin cif, tun daga gaisuwa har addu'a, ba ta taɓa shi ba har yau.

Ranar Alhamis Rana ya tsaya gaban farin allo ya rasa yadda zai rubuta cewa mutum ya yi aikin mako guda layukansa sun ragu da dubu uku da ɗari bakwai da ɗoriya. A ƙarshe ya sa sifili. Kujerar sanyi ta koma hannun wani Basharat, wanda ya shekara biyu yana leƙen yadda Munshi ke kwafa. Tufail ya kwashe kofinsa da matashinsa ya koma bakin matattakala kusa da Zobiya. Can yake har yanzu, yana fifita da littafin nan mai jan bango, kuma duk sabon da aka ɗauka aiki shi ke fara tare shi ya tambaye shi me ya sa ya rubuta abu ɗaya sau biyu.

Saƙon Bibi Sughran kuwa kwana uku yake ɗauka yana tsara shi, yana gogewa yana sakewa. A saƙo na huɗu ne Shagufta ta gaji, ta ce shekara talatin tana dafa masa dal, ga shi yana zaune a ɗakinta yana rubuta wa matar wani kalaman kewa da sunan mamaci. Washegari ya dawo da takarda a ninke ya ajiye mata kusa da murhu. Kwafin saƙon ne, bugun ofis. Tana cikin akwatin ƙarfen tare da wasiƙar neman aure, an ja layi da jan biro a kan sunan Haji Karam Din, an rubuta Tufail a samansa.